Garinmu Ɗaya

A shekarar da yanar ido ta rufe mini na hagu, aikina rakiyar tsofaffi zuwa asibiti ne. Kamfanin ƙarami ne, 'yan motoci masu ɗaukar keken marasa lafiya, da ofis mai ɗaki biyu a kan titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar Turawa, tsakanin wani kantin kayan miya da filin sayar da motoci. Direba ya tuƙa, ni in zauna a baya kusa da tsohuwa, in riƙe mata jaka, in gyara mata bargo a gwiwa. Akwai matan da ba sa son shiga mota su kaɗai da namiji, akwai kuma waɗanda hannun riƙewa kawai suke nema. Turancina ba shi da yawa, amma wannan aikin ba ya cin Turanci. In mun dawo in share motocin, in ninke barguna, in ɗora shayi.

Mai kamfanin shi ne na fari a cikina.

A garinmu, can wajen Funtuwa, mace ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsare shi da ido, in ya shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a waje. Haka na ga uwata ta yi wa babban yayanmu, haka ni ma na yi, ban taɓa jin an ce mini ga dalili ba, ban kuma nema ba. Ana yaye shi uwar maigidana ta ɗauke shi, ita ya tashi yana kira Inna. Ni kuwa da na sauke farali sai ya bi bakin mutane yana ce mini Hajiya, muka zauna a kan haka. Ya zo ƙasar nan karatu, ya gama, ya yi aure, ya kafa wannan sana'a. Bayan rasuwar maigidana surukata ta haihu, na zo wankan jego, jego ya ƙare ban koma ba. Da jikokin suka shiga makaranta zaman gida ya ishe ni, na aika matarsa ta faɗa masa a samo mini abin yi. Aka sa ni cikin ma'aikata, da albashina kamar kowa.

A ofis "mai wurin" nake ce masa. A takarda ni sunan mahaifina nake amsawa, shi kuma na nasa mahaifin, saboda haka babu abin da ya haɗa mu a idon baƙo. Direbobinmu Hausawa duk sun sani, amma wa zai ɗaga irin wannan magana?

Mutum ɗaya ce ba ta sani ba, akantarmu. Baƙar fata ce 'yar asalin garin nan, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, gilashinta rataye a sarƙa a wuya. Ranar Laraba take zuwa ta yi lissafin albashi. Takan kawo mini wainar masara irin tasu a naɗe cikin takarda, ni kuma in ajiye mata ƙosai. Mace ce mai lura. Wata rana ta ja ni bayan ƙofa, ta rage murya, tana yi a hankali don in gane.

"Na ga duk sanda oga ya shigo sai ki fita. Ba kya kallonsa, shi ma ba ya kallonki. Yana takura miki ne?"

Na ce a'a.

"In yana yi ki faɗa mini. Na san inda ake kai irinsu."

Na ce na gode. Na je bayan mota na yi dariya har na riƙe ciki.

A farkon wannan shekarar ne kamfanin ya yi ƙarfin da zai yi wa ma'aikata inshorar lafiya, ni ma aka ba ni kati. Da katin na je wurin likitan ido. Ya ce na hagun ya nuna, sai aiki, na daman ma ya soma. Aka sa mini rana bayan shigowar sabuwar shekara. Tun ina ganin fuskokin tsofaffina har na koma gane su da murya in sun zauna ta hagu. Karatu kuwa, wanda na samu da girmana a ajin yaƙi da jahilci, na zauna a bencin 'yan firamare da yamma da goyo a bayana, shi ne ya fi damuna. Haruffan da na sha wuya kafin su tsaya mini sai suka soma narkewa. Katin nan a cikin jakar carbina nake ajiye shi.

Lokacin da ganye ya gama zuba, sanyi ya fara shiga ƙashi, akanta ta zo da labarin cewa za a bar tsohon tsarin albashi a koma sabuwar manhaja. Ta ce gara a yi kafin shekara ta rufe. Ta zauna da mai wurin a ɗakin ciki, ƙofa a buɗe, ni ina kusurwar shayi. Da Turanci suke yi. Abin da na kama ne da abin da surukata ta cike mini daga baya nake faɗa.

Ashe a irin rajistar kamfaninmu, mai shi ma ɗan albashi ne. Kuɗin inshorar da kamfani ya biya wa ma'aikaci ba a lissafa shi cikin albashi. Amma wanda ya biya wa mai kamfanin, wannan dole a ɗora shi a kan albashinsa a ce ya samu, haraji ya bi ta kai.

"Tsaya," in ji shi. "Ke nan in sayi magani da gumina, gwamnati ta leƙo ta ce ta ga albashi?"

"Haka ta ce."

"To ina albashin? Nuna mini shi in kai gida."

"Kada ka yi mini ihu, ba ni na rubuta dokar ba. Ta ƙofar gaba zai shiga. In ka zo cike takardun harajinka na shekara, ka nemi a cire maka shi, ya fita ta ƙofar baya. Amma sai ya shiga an gan shi tukuna."

"Abin da zai fita, me ya kai shi shiga?"

"In ka haɗu da su ka tambaya, ka zo ka ba ni labari."

Ta ce wahalar a wurin saitin take. Harajin samu yana cin wannan kuɗi, amma abin da ake yanka na fansho da na asibitin tsufa ba ya taɓa shi. In ba a faɗa wa manhajar daidai ba, ko ta yanka duka, ko ta ƙi yanka ko ɗaya, kuma ba za ta ce maka ta yi kuskure ba. Ta saita nasa, ta saita na matarsa, wadda ke riƙe da wayar ofis tana tsara wa direbobi hanya. Ya yi ta ƙunƙuni, ita kuma tana danne-dannenta.

Sai ta fito ta ce kowa ya matso. Manhajar tana da tambaya a kan kowane ma'aikaci, kuma ita ba ta son amsa wa mutum abin da zai iya amsawa da bakinsa. Tambayar ita ce, kana da dangantaka da mai kamfani? Domin a wurin masu haraji, matar mai kamfani da 'ya'yansa da iyayensa duk masu kamfani ne, ko da ba su da ko ƙusa a ciki.

Akwai wani direbanmu ɗan Maraɗi, dogo, bakinsa ba ya hutawa, mai wurin ma patron yake ce masa. Ya ɗaga hannu.

"Ni ƙanen patron ne a Musulunci. A rubuta. In ana rabon motoci a ba ni farar."

Aka fassara mata. Ta ce ko ciki ɗaya suka fito, ɗan'uwa ba ya cikin lissafi, ya koma ya zauna. Aka yi dariya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce a'a. Ta zo kaina.

"Ke fa, ƙawata?"

Mai wurin yana tsaye a bakin ƙofa da makullan mota a hannu. Direbobi huɗu a jere a kan benci. Na ji wuyana ya yi zafi har cikin mayafi. Ba wai na yi niyyar ɓoye wani abu ba ne. Kalmar ce kawai ta zo maƙogwaro ta tsaya, kamar yadda ƙafa kan ƙi shiga ɗakin surukai da takalmi ko an ce shigo. Na haura shekara arba'in ban faɗe ta ba, balle a gabansa, balle a gaban maza.

Na ce, "Garinmu ɗaya."

Ta yi dariya. "Wannan ai na sani." Ta waiga wurinsa. Shi kuma yana juya makullai kamar ranar ya fara ganinsu.

"Haka ne," ya ce. "Garinmu ɗaya."

Wani direba ya yi tari. Ta danna a'a, ta wuce kan na gaba.

Da la'asar ni da ɗan Maraɗi muka tafi Summerfield ɗauko wata tsohuwa mai wankin ƙoda. Muna fita gari ya dube ni ta madubi.

"Hajiya, yau kin yi dabara."

"Wace dabara?"

"Bon, ni ba yaro ba ne. Da kin ce ke kika haife shi, da sun fidda ki daga inshora. Sai su ce ai mai kamfani ce, ta biya wa kanta. Wani abokina haka aka yi wa matarsa a wurin aikinsu. Ga aikin ido na tahe, wa zai yi wasa?"

"Ni ban san da wannan ba."

"To Allah ne ya kama miki baki. Ki bar shi a kame."

Na juya wajen taga. Muna wuce wani fili mai shingen katako, dawakai na kiwo a ciki. Na rufe idon dama da tafin hannu na duba da na hagu. Babu doki, babu shinge, sai wasu inuwoyi ja-ja suna motsi cikin abu kamar ruwan nono. Na sauke hannuna.

Maganarsa ta zauna mini. Da safe kunya ce kawai ta hana ni magana. Kafin magariba ta samu abokin zama, tsoro. Na yi kwanaki ina aikina, in na buɗe jakar carbi sai in taɓa katin in ji yana nan.

Ranar Asabar ina tsince wake a kicin surukata ta shigo ta ja ƙofa. 'Yar Kaduna ce, mai hankali, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta durƙusa kusa da ni ta sa hannu a tiren tana taya ni.

"Mama, akwai magana, amma ki yi haƙuri da ni."

"Ina jin ki."

"Abin da aka danna ran nan ba daidai ba ne. Ƙarshen shekara shi zai sa hannu a kan cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. In aka gano daga baya, akwai tara, kuma yana iya taɓa tsarin inshorar sauran ma'aikata."

"To shi ba shi da baki? Ya je ya faɗa mata mana."

"Na ce masa haka. Ya ce shi ba zai ƙaryata Hajiya ba. Abin da kika faɗa a gaban mutane, shi ke nan."

"Ai ban yi ƙarya ba."

"Shi ma haka ya ce." Ta ɗan yi murmushi. "Ya ce ai kuwa garinku ɗaya."

Muka ci gaba da tsintar wake. Na tambaye ta ko gaskiya ne abin da ɗan Maraɗi ya faɗa, cewa za a karɓe mini kati.

"Wallahi Mama ban sani ba. Namu ni da shi ba a karɓe ba, amma mu masu wurin ne tun farko. Naki ban san yadda zai kasance ba, tunda a matsayin ma'aikaciya aka sa ki. Na so in tambayi akanta, na ga in na tambaya ta gane, ni kuma ba zan tsallake ku biyu ba." Ta sunkuyar da kai. "Shi ma ya ji wannan maganar a bakin direbobi. Ya ce in idonki kike tsoro, a bar shi haka. Duk abin da ya biyo baya shi zai ɗauka."

Na ce ta tashi ta duba tukunya.

Na zauna da waken a cinya ban ƙara tsintar ko ɗaya ba. Na tuna ranar da malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ce kowace ta rubuta sunayen 'ya'yanta, don mu ga amfanin abin da muka koya. Na rubuta na sauran duka, a karkace, ina murna. Layin farko na bar shi fari. Malamar ta zo ta duba, ta dube ni, ta wuce ba ta ce komai ba, don ita ma uwa ce. A lokacin shirun nan bai ci kowa komai ba. Shi ne ma hanyar da nake da ita ta girmama shi. Duk abin da ban faɗa ba na zuba shi a kunun da nake aika masa ɗakin Inna, da yajin da na sa ƙanwarsa ta cusa masa a jaka ranar da zai taho ƙasar nan, ni ina maƙale a madafa kamar ban san ana tafiya ba. Yanzu kuma ga shirun zai sa shi ya ɗora hannunsa a kan abin da ba haka ba, don kada in ji kunya, don kada in rasa ido. Na ga ba zan iya karɓar wannan daga wurinsa ba. Ido ɗaya ai yana kai mutum masallaci ya dawo da shi. Haka na faɗa wa kaina, ko da yake zuciyata ba ta yarda duka ba.

Saura yadda zan faɗa. Da Hausa dai na san ba za ta fito ba.

Akwai wata tsohuwa Baturiya a Sedgefield da muke kai wa gashin ƙashi. Gidanta yana kallon wani filin wasa mai ciyawa kamar darduma. Tun daga ƙofarta har asibiti hira ɗaya take yi, ɗanta. Ɗana ya kira ni, ɗana ya gyara mini famfo, ga hoton ɗana yana yaro. Ɗana ɗin nan kalma biyu ce a Turanci, tana faɗarsu kamar shan ruwa. Ranar Litinin na kasa kunne sosai ina kallon bakinta. Da muka sauke ta, ina share bayan mota ni kaɗai, na gwada a hankali. Sai na ji abin bai yi nauyi ba. Kamar zanen aro ne, ka ɗaura ka fita unguwa, ba naka ba ne balle ka ji an san ka da shi.

Laraba na riga kowa zuwa, da ƙosai mai zafi. Akanta ta iso tana kukan sanyi, ta zauna ta kunna kwamfuta. Na shiga na rufe ƙofa, abin da ban taɓa yi ba. Ta ɗago.

"Lafiya? Shi ne ko? Na faɗa miki ki zo wurina."

Na ce shi ne. Na ajiye ƙosan. Na kama bakin tebur, na dubi bango, na faɗi kalmomin tsohuwar Sedgefield.

Ta sa gilashi. Ta cire.

"Wa?"

"Mai wurin."

"Ɗanki? Ke kika haife shi? Da cikinki?"

Na gyaɗa kai.

Ta jingina da kujera ta buɗe baki, ta daɗe a haka. Sai dariya ta ƙwace mata, irin mai fitowa daga ciki, har tana buga tebur.

"Ya Ubangiji! Ni kuma ina ce miki ki kawo mini ƙararsa! Na kusa kai ɗa hukuma saboda uwarsa!"

Ni ma dariyar ta kama ni, da hawaye a haɗe. Ta tambaye ni me ya sa. Na yi ƙoƙari da ɗan Turancina, na ce ɗan fari, na ce kunya, na rufe fuska da mayafi in nuna mata. Ban san ko nawa ta gane ba. Sai ta ce kakarta ba ta taɓa rungumar mahaifinta a gabansu ba, ba ta taɓa yaba masa ba, amma duk ranar Lahadi cinyar kaza a farantinsa take sauka, kowa kuma ya san kada ya miƙa hannu. Na ce to, kusan haka.

Sannan na ciro katin daga jakar carbi na ɗora a gabanta.

"Wannan fa? Za a karɓa?"

"A karɓa a kai ina?"

Na nuna idona.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta tura mini katin da yatsa ɗaya har ya taɓa hannuna.

"Mayar da shi jaka. Babu mai taɓa miki inshora. Kati ɗaya, likita ɗaya, rana ɗaya. Wa ya faɗa miki haka?"

Na ce wani ne.

"Dogon nan ne, na sani. Ya tsaya a tuƙinsa."

Ta ce abin da zai canza kaɗan ne. Kamfani zai ci gaba da biya, sai dai yanzu za a rubuta kuɗin a kan albashina kamar yadda aka yi wa mai wurin, a yanki harajin samu. In lokacin cike takardu ya zo, ita da kanta za ta zauna da ni mu nemi a cire, tana kyautata zaton zai fita ta ƙofar bayan nan. Sa'ar da muka yi, a wannan shekarar na shiga inshorar, kuma shekarar ba ta rufe ba, don haka za ta tattara na watannin baya ta shigar a albashin da ya rage. Ta ce in shirya, na ƙarshen shekara zai rame.

Na ce ya rame.

Ta juyo da allon kwamfutar wajena, ta ƙara girman haruffa har suka yi kamar na allon ajinmu na da. Na karanta sunana da idon dama, harafi bayan harafi. Ta gangara wurin tambayar.

"Bakinki ya faɗa, yatsanki ya ƙarasa."

Ta ɗora hannuna a kan abin dannawa, na danna. Wasu layuka suka buɗe waɗanda da babu su. Ta shigar da kuɗin inshora a ɗaya, ta bar alamar harajin samu, ta cire alama daga na fansho da na asibitin tsufa, tana faɗa mini kowanne kamar zan riƙe. Ta yi gwaji ta ga abin da zai fito, ta koma ta gyara wani wuri, ta sake gwadawa. Ba ta yi gaggawa ba, ba ta kuma nuna na ɓata mata lokaci ba. Ƙosai ya huce a takarda.

"Shi ke nan," ta ce. "Daga ni sai ke sai wannan na'ura sai gwamnati. Direbobi ba za su ji daga bakina ba."

Na ce ai su sun sani tun tuni.

"Duka?"

"Duka."

"Ke nan a ofishin nan ni kaɗai ce sakarya." Ta ɗauki ƙosai ta ciza. "Madalla."

Da mai wurin ba mu taɓa tayar da maganar ba. Na san ta faɗa masa, don dole ya gani kafin ya sa hannu. Washegari ina kusurwar shayi ya zo ya tsaya, ya ba ni baya, yana zuba wa kansa. Ya daɗe yana juya cokali.

"Shayin yau ya yi daɗi," ya faɗa wa butar.

"Citta ce," na faɗa wa bango.

Ya ɗauki kofinsa ya fita. Ni dai na ji abin da ya ce, shi ma na san ya ji nawa.

Ɗan Maraɗi kuwa da labari ya kai masa, cewa ya yi, "Bon, ni abin da na ji na faɗa. Amma Hajiya, tunda yanzu gwamnati ta ce ke ma patron ce, maganar farar motar nan fa?" Na ce ya fara wanke wadda ke hannunsa.

Ranar aikin ido mai wurin ne ya kai ni, don an ce dole a zo da wanda zai mayar da mutum gida, surukata kuma tana kan waya. A wurin karɓar baƙi yarinyar da ke tebur ta tambaye shi mene ne shi a wurina. Na dubi takalmina. Na ji ya amsa da Turanci, a taƙaice, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na miƙa kati, ta karɓa, ta duba, ta dawo mini da shi. Aikin bai daɗe ba. Na fito da ido a rufe da auduga da wani ɗan murfi.

Washegari muka koma a buɗe idon. Ɗakin ƙarami ne, kujera ɗaya ce ta mai rakiya, kuma daidai gabana take. Likita ya ɓare abin a hankali, haske ya shigo har sai da na runtse.

"Buɗe. Dubi gabanki sosai, kada ki kawar da kai."

Na buɗe. Shi ne a gaban.

Umarnin likita ne, ba ni da yadda zan yi. Na duba. Ga goshin mahaifinsa, ga tabon sallah ya fara zama. Ga ɗan tabon ƙyanda kusa da kunne, wanda na san da shi tun yana ɗakin Inna amma ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Gemunsa ya soma fari ta gefe biyu. Yaushe? Ya sunkuyar da kai yana neman makullansa a aljihu.

"Ci gaba da kallo," in ji likita, yana haska fitila. "Kada ki motsa."

Ban motsa ba. Allah ya saka wa likitan nan da alheri, bai yi sauri ba.

"Kina gani?"

Na ce ina gani.

Har yau a kan takardar albashina akwai layin nan na inshora, ina karanta shi da idona ba tare da an ƙara girman haruffa ba. Abin da aka yanka a kansa ban taɓa jin zafinsa ba. A gida da ofis muna nan yadda muke, shi Hajiya, ni mai wurin, in ya shigo in tuna ina da barguna a mota. Akanta ma ta koyi abinta, ba ta taɓa faɗar kalmar a gaban mutane ba. Sai dai duk Laraba in ta ajiye mini wainar masara, takan rage murya ta ce, "Yaya mutumin garinku?"

In ce, "Yana nan lafiya. Furfura ta fara fito masa."